Jinginar Ƙasa Tsakanin Aminai a Hartum da Umdurman: Waiwaye a Kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai ba kowane bashi ake ci da fatar baki ba. Idan kuɗi suka yi kauri, ko da tsakanin aminai ne da suka tashi tare, mai bayarwa yakan so ya riƙe wani abu a hannunsa, kuma a wurin manomi da ɗan birni babu abin riƙewa da ya kai ƙasa. Wannan takarda za ta bi sawun wannan al'ada a biranen Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan, tun daga shigowar Turkawa a 1821 har zuwa yaƙin da ya ɓarke a 2023. An zaɓi waɗannan birane ne domin a cikin shekara ɗari biyu mulki ya sha sauya hannu a cikinsu, kowane mai mulki kuma ya zo da tasa amsar game da wane ne mai ƙasa. Bayan haka akwai Hausawa masu yawa da suka zauna a can a kan hanyarsu ta zuwa Makka, suka tarar da al'adar da suka sani a gida tana sanye da wata riga.

Biranen suna mahaɗar kogunan Nilu guda biyu, Fari da Shuɗi. Hartum tana tsakaninsu, Umdurman tana gaɓar yamma, Hartum Bahri tana arewa, tsibirin Tuti kuwa yana tsakiya. Ƙasar noma ta ƙwarai siririya ce, ta bi bakin kogi a wurare irin su Tuti da Burri da Shambat da Jiraif. Da an yi ɗan nisa da ruwa sai fako. Saboda haka tun fil azal ƙasa a nan tana da daraja irin wadda ba ta da ita a inda daji yake yalwace, kowa ya sare ya noma.

2.0 Kalmomi da Hukunci

Ya kamata ɗalibi ya fara da kalmar kanta. Jingina ta fito ne daga aikatau ɗin da ake amfani da shi idan aka ce wane ya jingina sandarsa da bango. Abin da aka jingina ba a yar da shi ba, mai shi yana da niyyar dawowa ya ɗauka. Don haka kishiyar jingina ita ce fansa: an jinginar da gona, an fanshe ta. Hausa ta bambanta wannan da aro, inda ake mayar da abin da aka karɓa shi kansa, da kuma rance, inda ake mayar da kwatankwacinsa, kamar mudun gero a madadin mudun gero. Ta kuma bambanta shi da haya da saye da kyauta. Polly Hill, a littafinta na 1972 a kan Ɓatagarawa da ke kusa da Katsina, ta bayyana jinginar gona yadda manoma suka san ta: mai kuɗi yana noma gonar yana cin amfaninta har ranar da aka biya shi.

Da Larabci ana kiran wannan rahn, mutanen Sudan kuwa sukan ce rahan. Mafi yawansu mabiya mazhabar Malikiyya ne kamar Hausawa, Risala da Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya su ne ake karantawa a can. Asalin hukuncin yana cikin aya ta 283 ta Suratul Baƙara, an kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jinginar da sulkensa a wurin wani Bayahude ya karɓi sha'ir. Malamai sun fitar da ƙa'idoji, uku daga cikinsu su ne suka shafi wannan bayani. Jingina ba ta cika sai abin ya shiga hannun mai bin bashi ko hannun wani amintacce. Idan bashin na rance ne, bai halatta mai bin bashi ya shar'anta cin amfanin abin ba, domin rancen da ya jawo amfani riba ne. Sannan idan wa'adi ya cika ba a biya ba, abin bai zama mallakar mai bin bashi kai tsaye ba. Sayar da shi ake yi, ya ɗauki haƙƙinsa, a ba mai shi ragowar.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. A rubutun boko kalmar riba tana ɗauke da ma'ana biyu, ribar ciniki da ribar da aka haramta. A baki karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su, a Larabci kuma tushensu ma daban ne. Shi ya sa mutane da yawa suka fi son cewa kuɗin ruwa idan suna nufin ta biyun.

Da an dubi ƙa'ida ta biyu za a ga cewa jinginar da manoma ke yi, a Katsina ko a bakin Nilu, ta yi hannun riga da ita. Mai kuɗi ba zai riƙe gona shekara biyar ya bar ta saura ba. Sai mutane suka nemi mafita: a rubuta takarda cewa an sayar, tare da fahimtar cewa duk ranar da mai gona ya kawo kuɗin za a mayar masa. Hanafawa suna kiran wannan bai'ul wafa'i, da yawansu kuma sun yarda da shi. Malikawa suna kiransa sunya, kuma sun ce idan an sanya sharaɗin mayarwar a cikin ƙulla cinikin, cinikin ya ɓaci, amma idan mai saye ne ya yi alkawarin don kansa bayan an gama ciniki, babu laifi. Wannan ɗan bambanci shi ne mabuɗin dukan tarihin da ke tafe. Takarda tana cewa an sayar, alkawarin mayarwa kuwa yana bakin amini. Ke nan ƙasa ta tsare wa mai kuɗi dukiyarsa, shi kuwa mai ƙasa ba abin da ya tsare masa tasa sai amincin abokinsa, da tsawon ran abokin, da halin 'ya'yan da zai bari.

3.0 Zamanin Turkawa, 1821 zuwa 1885

Kafin Turkawa, yankin yana ƙarƙashin daular Funj mai hedikwata a Sinnar, wadda ta kafu a 1504. Sarakunanta sukan ba malamai da manyan mutane ƙasa da takarda mai hatimi. Jay Spaulding ya nuna cewa a ƙarni na 18, yayin da fatake suka yi ƙarfi, kuɗin azurfa suka yawaita, alƙalai suka yi tasiri, ƙasa ta fara zama abin saye da sayarwa tsakanin ɗaiɗaikun mutane. Wato Turkawa sun tarar da ƙofar a buɗe, su dai sun wangale ta ne.

A 1821 sojojin Muhammad Ali Pasha na Masar, ƙarƙashin ɗansa Isma'il, suka ci Sinnar. Ba da jimawa ba Hartum, wadda a da ƙauye ce, ta zama mazaunin gwamna. Abin da ya fi taɓa manomi shi ne haraji. Noman bakin kogi ya dogara ne da sakiya, wato keken ɗebo ruwa da shanu ke juyawa, wanda ya fi jigo ƙarfi nesa ba kusa ba. Sabuwar hukuma ta ɗora haraji a kan kowace sakiya, ta kuma fi son a biya da kuɗi. Manomi yana da dawa da dabino, ba shi da kuɗi, mai karɓar haraji kuwa ba ya jiran kaka. Wa zai nufa? Sai mai kanti na ƙauye ko ɗan'uwa bafatake. Hanya ta farko ita ce shel, a karɓi kuɗi ko kaya tun shuka tana kore a biya da hatsi a kaka bisa farashin da mai kuɗi ya yanke, abin da ya yi kama da bashin kaka a ƙasar Hausa. Idan shel ya taru ya fi ƙarfin amfanin shekara, sai a koma ga ƙasa.

Anders Bjørkelo, a littafinsa na 1989 a kan manoma da fataken yankin Shandi da ke arewa da Hartum, ya nuna yadda nauyin haraji da bashi suka sa mutane barin sakiyoyinsu suka bazama kudu da yamma fatauci, aka san su da jallaba. Wanda zai yi irin wannan tafiya ba ya son sayar da gadon ubansa, domin a bakin Nilu mutumin da ba shi da ko taku ɗaya a ƙasar kakanninsa ana ganinsa kamar baƙo. Jingina ta ba shi abu biyu, jari da kuma suna: har yanzu ana cewa ƙasar wane ce. Ya kuma fi son ya bar ta a hannun amini ko dangi, saboda bare zai yi wuyar saki. Amma tafiyar da aka yi niyyar shekara biyu takan zama ashirin. Shaidu su mutu, wanda ya karɓa ya dasa dabino, 'ya'yansa su tashi ba su san wani mai ƙasar ba sai ubansu. Ƙasar sakiya kuma galibi ta magada ce da yawa, kowa da ɗan rabonsa ba a tsaga ba, don haka wanda ya jinginar da nasa rabon ya shigo da baƙon hannu cikin dukiyar dangi.

4.0 Mahadiyya

A ranar 26 ga Janairu 1885 mayaƙan Muhammad Ahmad al-Mahadi suka ci Hartum. Mahadi ya rasu a watan Yuni na shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya mai da Umdurman babban birni. A 1886 aka umarci mutanen Hartum su ƙaura zuwa hayin, aka riƙa kwashe tubalin gidajensu ana gini da shi a sabon birnin. Duk wanda yake riƙe da gidan wani a Hartum a matsayin jingina ya wayi gari yana riƙe da kufai. A Umdurman kuwa zama bisa umarnin Halifa ne, ana sauke jama'a rukuni-rukuni ƙarƙashin amiransu, ana kuma iya tashinsu. Shi Mahadi a cikin wasiƙunsa ya yi hani ga mai ƙasar da ta fi ƙarfin nomansa ya riƙa karɓar haya a kanta, ya ce ya bar wa ɗan'uwansa ya noma. Ga kuma yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wadda ake kira Sanat Sitta, da ta kashe mutane bila adadin ta watsa ƙauyuka. Shekara goma sha uku na wannan hali sun isa su rikita sanin wa ya saya, wa ya karɓi jingina, wa kuma ya tarar da ƙasa babu kowa ya shiga.

5.0 Turawa da Littafin Rajista

Wannan rikitaccen gado ne Turawan Ingila suka tarar bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba 1898. Tun a 1899, shekarar da aka ƙulla mulkin haɗin gwiwa tsakanin Ingila da Masar, suka fitar da dokoki biyu na ƙasa. Ɗaya ta shafi filayen cikin biranen Hartum da Barbar da Dongola: Kitchener ya sake zana titunan Hartum, wanda ya kawo hujjar cewa yana da fili kafin Mahadiyya sai a ba shi fili a sabon tsarin. Ta biyu ta shafi ƙasar noma, ta kafa kwamitoci masu sauraron da'awa, ta kuma ba riƙon shekara biyar a jere ƙarfin hujjar mallaka. A ganin Bature wannan hanya ce mai sauƙi ta yanke gardama. Amma ɗalibi ya tuna da ƙa'idar farko ta fiƙihu: jingina ba ta cika sai da riƙo. Mutumin da ya fi kowa iya nuna riƙon shekara biyar shi ne wanda aka ba jingina. Idan mai tsoron Allah ne zai gaya wa kwamiti gaskiya. Idan ba haka ba, kuma mai ƙasar yana Kurdufan ko ya mutu a yaƙi, to sai abin da hali ya yi.

Ba a daɗe ba wata damuwa ta taso. Da zaman lafiya ya samu, 'yan kasuwa Girkawa da Siriyawa da Misirawa, da attajiran gida, suka shiga sayen ƙasa a kewayen Hartum da Jazira da araha, suna jiran ta yi tsada. Hukumar Wingate, wanda ya yi gwamna daga 1899 zuwa 1916, ta san abin da ya faru a Masar da Indiya, inda bashi ya raba ƙananan manoma da gonakinsu. A Panjab an yi dokar hana hakan a 1900, a Masar ma Kitchener ɗin nan ya yi dokar 1912 da ta hana ƙwace gonar da ba ta wuce fadan biyar ba saboda bashi. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗan ɗara eka. A Sudan an yi shela a 1905 cewa ba a sayar da ƙasa ko jinginar da ita sai da yardar gwamnan lardi, aka kuma ƙarfafa wannan da doka a 1918. Ba za a ce tausayin talaka kaɗai ya kawo haka ba, domin hukuma tana da nata shirin a kan Jazira, ba ta kuma son ta tarar da ƙasar a hannun 'yan kasuwa masu tsada. Ɗalibi zai iya kwatanta wannan da dokar ƙasa ta 1910 a Arewacin Nijeriya, da ta 1978 wadda ita ma ta ce sai da yardar gwamna.

Dokar da ta fi daɗewa tana aiki ita ce ta 1925, ta tantance ƙasa da yi mata rajista. Manufarta ita ce littafin hukuma ya zama shi ne hujja. Kowane fili yana da lamba da shafi, a shafin an rubuta sunan mai shi da duk wani nauyi da ke kansa. Ciniki ko jinginar da ba a shigar a littafin ba, ba su taɓa ƙasar ba a idon doka. Daga nan takardar da ake kira shahadat bahs ta samo asali, wato shaidar da ofishin rajista ke bayarwa bayan an duba shafin, wadda mutanen Hartum suka ɗauka tamkar ita ce filin.

Wannan tsari ya kawo sabon abu: ana iya jinginar da ƙasa ba tare da an fita daga cikinta ba. Mai gida yana zaune a gidansa, sunan mai bin bashi yana littafi. Bankuna da manyan kamfanoni sun ji daɗin haka. Tsakanin aminai kuwa abin ya zo da nauyi. A ce mutum ya ranta wa abokinsa kuɗin aurar da 'ya, sannan ya ce masa su tafi ofis a rubuta. Maganar ta fita daga zaure ta shiga kunnen akawu, ga kuɗin rajista, ga jiran sa hannun hukuma, uwa uba ga abin da abokin zai ji a ransa, cewa ba a yarda da shi ba. Kunya ta sa mutane da yawa suka ci gaba da yin yadda suka saba, a gaban shaidu biyu ko limamin unguwa, wani lokaci a miƙa takardar filin kawai a ce riƙe wannan. Riƙe takarda kuwa ba jingina ba ce a doka. Ta wani ɓangaren, wanda ya bi tsohuwar dabara ya rubuta wa abokinsa saye a ofis, yana dogara da alkawarin baki, ya fi shiga haɗari fiye da kakansa, domin a da shaidun gari suna iya tsayawa su ce jingina ce, yanzu kuwa littafi ya riga ya yi magana.

Wani abin kuma, shari'ar ba ta zuwa gaban alƙalin da ya karanta Muhtasar. Turawa sun taƙaita kotunan Musulunci ga aure da saki da gado da waƙafi, babban alƙalinsu ma na tsawon shekaru Bamisire ne mai bin Hanafiyya. Rikicin bashi da ƙasa yana zuwa kotun farar hula, wadda aka umarta ta yi hukunci da adalci da lamiri mai kyau a inda babu rubutacciyar doka, abin da a aikace ya zama jingina da dokar Ingila. Abin sha'awa, ita ma dokar Ingila tana da ƙa'idar cewa abin da aka fara a matsayin jingina ba ya rikiɗewa ya zama saye ta hanyar sharaɗi, kuma haƙƙin fansa ba ya toshewa. A wannan gaɓar Malik da alƙalan Landan sun yi tarayya. Wuyar dai ita ce mai ƙasa ya tabbatar cewa jingina aka yi tun farko.

6.0 Hausawa: Wanda Ba Shi da Abin Jinginarwa

Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ratsa Sudan, kamar yadda Umar al-Naqar ya nuna a littafinsa na 1972. Amma babbar ƙaura ta zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a 1906, garin ya ɗauki sunansa. Mark Duffield ya yi nazarin garin a littafinsa na 1981, Al-Amin Abu-Manga kuma ya yi na Hausar Sudan da yadda take cuɗanya da Larabci a 1999. Mutanen ƙasar suna kiran 'yan Afirka ta Yamma gaba ɗaya Fallata ko Takari, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba.

Da aka buɗe aikin audugar Jazira a 1925, ƙwadagon waɗannan mutane ya zama ginshiƙi. A wancan lokaci gonar aikin, wadda ake kira hawasha, ta haya ce daga hukuma, kuma ƙa'idar lokacin ta hana a sayar da ita ko a jinginar da ita. Daga baya batun zama ɗan ƙasa ya shigo. Dokar 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897. Wanda kakansa ya taso bayan Burmi ya makara da shekara shida. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, dokar 1994 ta mai da shi 1 ga Janairu 1956, amma kafin nan an riga an raba filaye da yawa ga masu takardar ɗan ƙasa.

A cikin Hartum, Turawa sun kasa unguwanni daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku, talakawa 'yan ƙwadago kuma aka bar su a unguwannin da ake kira daim, inda mutum ke da ɗaki amma ba shi da ƙasar da ɗakin ke kai. An rushe tsofaffin daim ɗin daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950. 'Yan Afirka ta Yamma da yawa sun taru a unguwar Ishash Fallata, wato bukkokin Fallata, har zuwa farkon shekarun 1990 da aka tashe su zuwa kudancin birnin. Mutumin da yake zaune a irin wannan wuri ba shi da shahadat bahs, banki ba ya kallonsa. Abin da zai iya jinginarwa shi ne ɗakin da ya gina, ko rumfarsa ta kasuwa, kuma wanda zai karɓa sai wanda ya san shi, ya san cewa jama'ar unguwa za su tsaya a kan maganar. Hujjar ita ce mai masauki da liman da dattawa. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya bayyana yadda Hausawan Jazira da Wad Madani, har jikokin da aka haifa a can, suke ɗaukar kansu alhazai da ke kan hanya, da yadda bashi ke cikin abubuwan da ke riƙe su. Wanda yake ganin gobe zai tashi ba ya gaggawar neman takardar fili, ko da an ba shi dama. Kuɗin guzuri sukan zauna amana a hannun wani babba, adashi kuma, wanda mutanen Sudan ke kira sanduƙ ko hatta, yana toshe ƙananan buƙatu.

7.0 Daga 1970: Ƙasa Tana Hawa, Kuɗi Suna Narkewa

A watan Afrilu na 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta yi dokar da ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, wato mafi yawan ƙasar Sudan. Tsofaffin filayen bakin kogi da na tsakiyar birane sun tsira, tunda suna littafi. Amma biranen suna faɗaɗa ne zuwa inda babu littafi: Umbadda a yammacin Umdurman, Haj Yusuf a gabas, Mayo a kudu. Farin 1984 zuwa 1985 da yaƙin kudanci sun ƙara turo dubban ɗaruruwan mutane. A waɗannan unguwanni ana saye, ana sayarwa, ana jinginarwa, duk a kan ƙasar da doka ta ce ta gwamnati ce. Da aka shiga rushe-rushe da sake tsara unguwanni a shekarun 1990, wanda aka tarar yana zaune a wuri ya fi kusa da samun fili a sabon tsari. Tsohuwar matsalar 1899 ta sake dawowa: mai riƙo ko mai asali?

Dokar mu'amalolin jama'a ta 1984, wadda ta biyo bayan shelar shari'ar Musulunci ta Satumba 1983, ta ɗauko tsarinta daga dokar ƙasar Jodan. Ta amince da jingina iri biyu, ta riƙo da ta rajista, ta kuma haramta kuɗin ruwa. A 1990 aka yi wa bankuna doka ta musamman da ta sauƙaƙa musu sayar da kadarar da aka jinginar musu. Amini ba shi da irin wannan gata, sai ya bi kotu, kai aboki kotu kuwa a al'adar Sudan abin kunya ne. An fi son judiyya, wato sulhun dattawa. Saboda haka mutane suka riƙa ƙara wasu igiyoyi a kan amana: takardar wakilci da ke ba mai bin bashi ikon sayar da filin, ko rasidin amana, ko cakin banki da aka rubuta wa kwanan wata na gaba. Cakin ya fi kowanne kaifi, domin sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mai da ba da cakin da ya dawo laifi, kuma maganar nan ta a tsare mutum har sai ya biya ta zama sananniya a gidajen yarin Sudan. Rancen da aka fara da shan shayi yana iya ƙarewa a nan.

Abin da ya fi gwada abota shi ne faɗuwar darajar kuɗi. A 1992 aka kawo dinari, kowane ɗaya a madadin fam 10. A 2007 aka kawo sabon fam, kowane ɗaya a madadin dinari 100. Wanda ya ranta fam 1,000,000 a 1991, bashinsa a lissafi ya koma dinari 100,000, sannan ya koma fam 1,000. A shekarun 1990 hauhawar farashi ta sha wuce kashi 100 cikin ɗari a shekara, a 2021 ta haura kashi 300. A daidai wannan lokaci 'yan Sudan masu aiki a Saudiyya da ƙasashen Larabawa masu mai suna zuba abin da suka tara a filaye, domin fili ne kaɗai ba ya narkewa. To, a ɗauka mai fili ya zo bayan shekara goma sha biyar da adadin da ya karɓa cif-cif, ya ce a ba shi filinsa. Kuɗin da a da suka isa sayen rabin filin, yanzu ba su sayen ƙofar gidan. A zahirin fiƙihu gaskiya tana wurinsa, domin rance ana biyan kwatankwacinsa ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988. Amma mai kuɗin zai ce taimako ya yi, ba sadaka ba. A zamanin Turkawa tsawon lokaci yana cutar mai ƙasa ne, a wannan zamani ya koma cutar mai kuɗi, shi ya sa aka riƙa ƙulla rance da dala ko riyal ko zinariya tun daga farko.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Miliyoyin mutane suka bar biranen uku, da yawa da kayan jikinsu kawai, aka mamaye gidaje aka wawashe su. Sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025. Waɗanda suka koma sun tarar da akwatunan da aka ajiye shahadat bahs da rasidan amana a fashe, shaidun da aka ƙulla magana a gabansu kuwa wani yana Alƙahira, wani yana Fot Sudan, wani yana kabari.